Yadda dusar ƙanƙara ke hana ƙanƙarar tafki yin ƙarfi

A jihar Minnesota da ke arewacin Amurka, mai tafkuna sama da 11,000, kamun kifi ba ya tsayawa don hunturu ya shigo. Da zarar saman tafki ya daskare, masunta kan huda rami a ƙanƙarar, su zura fatsa, wasu ma har su jawo 'yan ɗakunan katako su kwana a kai. A manyan tafkuna irin su Mille Lacs da Lake of the Woods, masu masaukin baƙi kan share hanyoyin mota a kan ƙanƙarar.

Sai dai ƙarfin ƙanƙarar ya dogara ne ga makonnin farko na sanyi, kuma babu abin da ke ɓata su kamar dusar ƙanƙara mai yawa da ta sauka da wuri.

Kamar bargo

Ƙanƙarar tafki daga ƙasa take ƙara kauri: zafin da ke cikin ruwan yana ficewa ta sama, sai ruwan da ke manne da ita ya daskare. Dusa kuwa cike take da iska, don haka idan ta kwanta a kan ƙanƙarar da ba ta yi kauri ba, sai ta rufe ta kamar bargo. Ko da an yi sanyi mai ratsa ƙashi, kaurin ba zai ƙaru sosai ba.

Ga kuma nauyi. Dusar kan danna ƙanƙarar ƙasa, ruwa ya ɓullo ta tsage-tsage, ya jiƙa dusar ta zama caɓi. Daga nesa fili ne fari fes, amma a ƙarƙashi ruwa ne da ke iya kai wa mutum gwiwa, inda babura da motoci ke maƙalewa.

Idan caɓin ya daskare, yakan zama farar ƙanƙara mai kumfar iska a ciki. Ma'aikatar kula da albarkatun ƙasa ta jihar ta ce ƙarfin wannan bai wuce rabin na sabuwar ƙanƙara mai garai-garai ba. Shawararta ita ce kada a taka tafki da ƙafa sai kaurin garai-garan ya kai inci 4, wato kimanin santimita 10, idan kuma fara ce a ninka. Ta kuma sha nanata cewa babu ƙanƙarar da za a amince da ita ɗari bisa ɗari.

An ga irin wannan a hunturun 2022 zuwa 2023, lokacin da jiƙaƙƙiyar dusa ta sauka a tsakiyar Disamba, caɓi ya mamaye tafkuna da dama a arewacin jihar. A hunturun ne birnin Duluth ya samu dusar da ta kai inci 140, mafi yawa tun da aka fara aunawa.

Kifin ma bai tsira ba

Dusa mai kauri tana tare hasken rana, tsirran cikin ruwa su daina samar da iskar oksijin, alhali ruɓaɓɓun ganyaye na ci gaba da zuƙe wadda ta rage. A tafkuna marasa zurfi, kifaye kan mutu da yawa, ba a ganin gawarwakinsu sai ƙanƙarar ta narke. Shi ya sa ake kafa injunan da ke motsa ruwa a wasu tafkunan, ko da yake su ma suna barin ƙanƙarar da ke kewaye da su ba kauri, dole a kafa alamun gargaɗi.