Rabon Iko Tsakanin Ɓangarorin Gwamnati

Rabon iko tsari ne da ke hana mutum ɗaya ko hukuma ɗaya haɗa ayyuka uku a hannunta: kafa doka, aiwatar da ita, da yanke hukunci a kanta. Majalisa ke da na farko, ɓangaren zartarwa na biyu, kotuna na uku.

John Locke ya taɓo batun a Ingila a ƙarshen ƙarni na 17, amma wanda ya fito da kason ukun sarai shi ne Montesquieu, masanin shari'a Bafaranshe, a littafinsa na 1748. Hujjarsa ita ce duk wanda ya samu iko sai ya nemi wuce gona da iri, kuma ba abin da ke taka wa iko birki sai wani ikon. Da Ingila ya kafa misali, ko da yake bai hango ta daidai ba: ministocinta a majalisa suke zama, kuma sai a 2009 aka fitar da kotun ƙolinta daga Majalisar Dattawa.

Amurka ce ta mayar da tunanin aiki a kundin tsarin mulkinta na 1787. Ba ta raba ikon kacokan ba, sarƙa shi ta yi da gangan. Shugaban ƙasa na iya ƙin sa hannu a doka, majalisa kuma ta tsallake shi da kashi biyu bisa uku na ƙuri'u. Shi ke zaɓo alƙalai, amma sai 'yan majalisar dattawa sun amince. A 1803, a shari'ar Marbury da Madison, Kotun Ƙoli ƙarƙashin John Marshall ta tabbatar wa kanta ikon soke dokar da ta saɓa wa kundin.

Nijeriya ta bar tsarin Firaminista ta rungumi irin na Amurka a 1979, kuma sashe na 4, na 5 da na 6 na kundin 1999 su suka rarraba ikon. A zamanin soja kuwa majalisa ake fara rufewa.

A Nijar, rikicin tazarce na 2009 ya gwada tsarin ƙwarai. Shugaba Mamadou Tandja ya rusa majalisa, da kotun tsarin mulki ta haramta ƙuri'ar raba gardamar da ya shirya don ya zarce kan mulki, ita ma ya rusa ta. Sojoji suka hamɓarar da shi ranar 18 ga Fabrairun 2010.