Daga Gyaran Tiya Zuwa Makin Jirgin Sama

Wanda ya taɓa tsayawa a layin 'yan awo a kasuwar Batsari ya san ciniki ba ya ƙarewa da miƙa kuɗi. An auna tiya goma ta gero, an ƙirga, sai mai saye ya ƙara buɗe bakin buhu ya ce, "Malam, a yi gyara mana." Mai awo ya damƙo da hannu biyu ya watsa masa. Mai rogo ma haka, bayan kashi sai ya ɗora ƙanana biyu ko uku a kai. Wanda kuma ya shekara yana saye a rumfa ɗaya, matsayinsa daban ne. Ana shimfiɗa masa buhu ya zauna, a aiki yaro ya kawo masa fura, in kaka ba ta yi ba a ɗaga masa ƙafa. 'Yan kasuwar Batsari da Safana da Runka sun daɗe da sanin cewa riƙe mai saye ya fi ribar yini ɗaya.

Irin wannan lissafi ne ya zo wa kamfanonin jiragen sama na Amurka a 1978, shekarar da gwamnati ta cire hannunta daga ƙayyade kuɗin tikiti da hanyoyin tashi. Kafin nan kusan kowa kuɗi ɗaya yake karɓa a kan hanya ɗaya. Da aka saki kasuwa, fasinja ya fara bin mai araha, kamfanoni suka shiga neman igiyar da za su ɗaure shi da ita. Texas International ya gwada bai wa fasinja lada bisa nisan tafiyarsa a 1979. Ranar 1 ga Mayu, 1981, American Airlines ya ƙaddamar da shirin AAdvantage, bayan ya tono sunayen masu yawan tafiya daga kwamfutarsa ta sayar da tikiti. United ya biyo baya cikin 'yan kwanaki, Delta ma a shekarar. Ƙa'idar a lokacin mai sauƙi ce: kowane mil da ka yi a sama maki ɗaya ne, in makin ya taru a ba ka tikiti kyauta.

Ba a daɗe ba aka raba fasinjoji hawa-hawa, mai azurfa, mai zinariya, da na sama da su. Mai babban matsayi ba ya bin dogon layi, ana ƙara masa kilo a awon kaya, yana jira a zauren manyan baƙi da shayi da abinci, wani lokaci a ɗauke shi daga kujerar gama-gari a kai shi ta alfarma ba tare da ya ƙara ko sisi ba. Har zuwa nan, a ganina, babu abin zargi. Ka yi tafiya, an gode maka.

Al'amarin ya sauya kama ne da bankuna suka shigo. A 1987 Citibank ya fitar da katin bashi mai ɗauke da sunan AAdvantage, wanda kowace dala da ka kashe da shi, a kanti ko gidan mai, take zama maki. Daga ranar mutum yana iya tara tikitin jirgi bai taka filin jirgi ba. Bankin ne ke sayen makin daga kamfanin jirgi da tsabar kuɗi, ya raba wa masu katinsa. Da gasa ta yi zafi sai aka ƙirƙiro garabasar shiga: buɗe kati yau, ka kashe dala dubu uku ko huɗu cikin wata uku, a zuba maka maki dubu hamsin ko fiye. Katin yana da kuɗin shekara, daga kusan dala 100 zuwa sama da 600 ga masu shigar da kai zauren manyan baƙi. A nan ne hanyar ta rabu da ta mai awo. Shi gyara bayan ciniki yake zuwa, daga hatsin mai sayarwa, a gaban idonka. Garabasar kati kuwa alkawari ce da ake yi maka tun ba ka sayi komai ba, bisa sharaɗin ka ci bashi, kuma ka ci shi da sauri.

Girman kuɗin da ke ciki bai fito fili ba sai a 2020, da annobar korona ta ajiye jirage a ƙasa. United ya jinginar da shirin makinsa ya karɓi rancen dala biliyan 6.8, Delta ya karɓi biliyan 9, American ya karɓi biliyan 10 a 2021. Masu ba da rance sun fi amincewa da makin fiye da jiragen kansu. A 2023 kaɗai kamfanin katin bashi na American Express ya biya Delta dala biliyan 6.8. Kamfanin da cinikinsa ya koma haka, dole ya fi kula da mai kashe kuɗi a kan mai yawan tafiya, kuma hakan aka yi. Tun 2015 Delta da United suka daina lissafi da nisan tafiya, suka koma lissafi da kuɗin tikiti. A Satumbar 2023 Delta ya ɗaura matsayi kacokan a kan dalar da aka kashe, ya taƙaita shiga zauren baƙi, fasinjoji suka yi ca, har ya ɗan sassauta.

To, wa ke biya? Mai kanti yana biyan kashi biyu zuwa uku cikin ɗari na duk cinikin da aka yi masa da katin, shi kuma ya maida shi kan farashi, har mai saye da tsabar kuɗi ya biya. Sannan akwai wanda ya kasa biyan bashinsa a ƙarshen wata, kuɗin ruwa na sama da kashi 20 cikin ɗari a shekara ya hau kansa. Wani bincike da ya fito daga Babban Bankin Amurka a 2023 ya ƙiyasta cewa kusan dala biliyan 15 ke tashi duk shekara daga aljihun masu ƙaramin ƙarfi da ƙarancin sani zuwa na masu hali ta wannan hanya. Wannan shi ne abin da ya fi damuna. Tarayyar Turai ta ƙayyade kason da bankin mai kati ke samu a kashi 0.3 cikin ɗari tun 2015, shi ya sa garabasar katunansu ba ta kai ta Amurka ba.

A wajenmu katin bashi bai yi saiwa ba. Abin da ke aljihun mutumin Safana katin cirar kuɗinsa ne, Verve ko makamancinsa, kuma da yawa cikinmu suna gudun kuɗin ruwa saboda addini, abin da ya sa bankin Jaiz ya samu karɓuwa tun buɗe shi a 2012. Jirgin da akasarin alhazanmu suka sani na jigilar Hajji ne, Kabo Air a da, sai Max Air na Alhaji Ɗahiru Mangal, kuma kujerar Hajji ta hannun hukumar alhazai take fitowa. Masu cin moriyar maki su ne 'yan kasuwa da masu yawan Umara da ke tashi daga Kano, da ShebaMiles na jirgin Habasha, ko Alfursan na Saudiyya, ko shirin jirgin Masar. Ga mai sarin kaya, ƙarin jaka ɗaya kyauta ba ƙaramin abu ba ne.

Sai dai garabasar shiga ta riga ta iso ƙauyukanmu ta wata ƙofar, wato waya. Bayan zuwan salula a 2001, da tafiya ta yi tafiya kamfanonin layi suka shiga zuba kyautar kira da data ga mai sabon sim, kyauta mai wa'adi da ke ƙonewa in ba a yi amfani da ita ba. Mutanen Batsari da Safana sun san ma'anar wa'adi, domin suna cikin ƙananan hukumomi 13 da aka katse wa sabis a Satumbar 2021 saboda 'yan bindigar dajin Rugu, aka yi watanni sai an yi tafiya kafin a samu kira. Ƙarancin takardun naira na farkon 2023 kuma ya tura har mai sayar da ƙuli-ƙuli buɗe asusun waya, manhajojin kuɗi suka shigo da tukuicin rajista da ladan gayyato aboki. Wasunsu tuni suke tallar ƙaramin rance a shafin da kake duba kuɗinka. Matakin da Amurka ta taka a 1987 ke nan, kyauta da bashi a ƙulli ɗaya, illa dai mu namu ba da tikitin jirgi ya zo ba.

Ɗan'uwa mai shirin Umara ko sari a bana, rajistar shirin maki na kamfanin jirgi kyauta ce, ka yi ta kafin ka sayi tikiti, ka ba wakilin da ke yanka maka tikitin lambarka ya saka, ka kuma tambayi ranar da makin ke mutuwa. Amma duk garabasar da aka ce sai ka karɓi rance za ta faɗo, a kati ne ko a waya, ka sa a karanta maka adadin da za ka mayar da ranar biya kafin ka danna amincewa.