Gurnanin da Ba Makaɗi Ne Ya Kaɗa Ba

Duk wanda ya halarci biki a Sakkwato inda aka kafa lasifika ya san wani gurnani mai kauri da ke fitowa tun kafin a taɓa tsirkiya. Asalinsa wutar lantarki ce. Wutar Najeriya tana kai-komo sau 50 a daƙiƙa, ta Amurka sau 60, kuma naɗin wayar tagulla da ke ƙarƙashin tsirkiyoyin jita ba ya bambanta motsin tsirkiya da maganaɗisun da wayar gida ke fitarwa. Duka yake kwasowa.

Masu ƙera jita sun daɗe suna fama da wannan. A 1955 Seth Lover na kamfanin Gibson ya haɗa naɗi biyu masu saɓa wa juna, ta yadda gurnanin ɗaya zai kashe na ɗayan, sautin tsirkiya kuma ya tsira. Sai ga feda ta dawo da hannun agogo baya. A 1960, wajen ɗaukar wata waƙar Marty Robbins a Nashville, wata na'ura ta lalace ta dusashe sautin jitar Grady Martin, jama'a kuwa suka so shi haka. Shekara biyu bayan nan aka fara sayar da Maestro Fuzz-Tone, ƙaramin akwatin da ake takawa don a sami wannan dusashewar da gangan. Matsalar ita ce aikinsa ninka ƙarfin sauti, don haka yakan ninka har da gurnanin.

Kunnen Bahaushe bai taɓa ƙyamar kaushin sauti ba. Magabata sukan maƙala faifan ƙarfe mai zobba a wuyan garaya domin ya riƙa karkarwa tare da kiɗa. Kuma idan aka bi hanyar Illela da Ƙonni zuwa Tawa da Agadas, za a iske jitar Buzaye irin ta Bombino da Mdou Moctar, wadda ta girma a bukukuwan da janareta ke ba wa wuta. Amma wancan kaushi yana tashi da bugu, ya kwanta da shi. Gurnanin wuta ba ya sauraron makaɗi, shi ya sa nake ganin kuskure ne a ce ai duk ɗaya ne.

A wurinmu janareta ya ƙara dagula lissafi, domin saurinsa yana hawa yana sauka, kuma sau da yawa ba a haɗa masa wayar ƙasa. Mai gyara da ya san aikinsa yakan soke jita kai-tsaye cikin amfilifaya, sannan ya mayar da fedojin ɗaya bayan ɗaya. Wadda gurnani ya dawo da ita, sai a gwada ta da batir mai bolt 9. In ta yi shiru, laifin na cajar da ke ciyar da fedoji da yawa a waya guda ne. Abin da ba a yi shi ne cire ƙafar filogi ta uku don neman shiru: ita ce ke hana wuta bi ta tsirkiya ta shiga jikin makaɗi.