Dofamin: Sinadarin da ke zaburar da himma

Dofamin sinadari ne da ƙwayoyin ƙwaƙwalwa ke aika wa juna saƙo da shi. Masanin ƙasar Suwidin, Arvid Carlsson, ne ya tabbatar da haka a ƙarshen shekarun 1950, ya kuma samu kyautar Nobel a 2000.

Daga cikin ayyukansa akwai zaburar da mutum ya nemi abin da yake sa rai, kamar yadda tsammanin ciniki ke fitar da ɗan kasuwa tun da asuba. Miyagun ƙwayoyi kan tunzura shi fiye da kima har ƙwaƙwalwa ta rage amsa masa, sai harkokin yau da kullum su rasa armashi.

Don haka mutuwar jiki ba kullum lalaci ba ce. Rashin barci, doguwar damuwa da ƙarancin sinadarin tayirod, wanda gwajin jini ke ganowa, duk suna dakushe himma.

Likitoci na ba baligi shawarar barcin aƙalla awa 7, Hukumar Lafiya ta Duniya kuma ta ce a motsa jiki aƙalla minti 150 a mako. Wanda ya shafe mako 2 ba ya sha'awar komai, ya ga likita.