Baƙo Mai Jawabi da Masu Sauraronsa

Duk wanda ya taɓa cin kasuwar Batsari ran Alhamis ya san ba a rasa mai magana cikinta. Ga mai wa'azi a gindin itace, ga mai maganin shawara da basir yana ta yi wa garinsa kirari, ga maroƙi yana bin waɗanda suka sayar da rogo da dankali. Wanda maganar ta yi masa daɗi ya tsaya, wanda ba ta yi masa ba ya saɓa buhunsa ya yi gaba. Da wuya a ji an yi faɗa a kan wannan, domin kasuwa ta kowa ce, ba kuwa wanda ya kira wani. Inda rigima ta kan taso shi ne inda gida ya ke da masu shi fiye da ɗaya, sa'an nan ɗayansu ya gayyato baƙo ya ba shi wurin tsayawa, alhali sauran ba su so. Babbar makaranta irin wannan gida ce. Ɗakin kwana ɗaya, ɗakin cin abinci ɗaya, amma zukata dabam dabam.

Masu sauraron rediyo sun sha jin irin wannan rigima daga Amurka a kan sha'anin Falasɗinu. Ran 8 ga Fabrairu 2010, Jami'ar Kalifoniya da ke garin Irvine ta gayyaci jakadan Isra'ila, Michael Oren, ya zo ya yi jawabi. Da ya fara magana sai wani ɗalibi ya miƙe ya ɗaga murya yana tuhumarsa da jinin mutanen Gaza. Aka fitar da shi. Jakada ya ci gaba, sai wani ya miƙe. Haka suka yi ta yi ɗaya bayan ɗaya, har aka kama goma sha ɗaya. Cikin Satumba 2011 kotu ta sami goma daga cikinsu da laifin ɓata taro, amma ba ta ɗaure su ba, ta sa su aikin gayya ta kuma ja musu kunne. Bayan yaƙin Gaza da ya tashi cikin Oktoba 2023 abin ya daɗa girma, har ran 18 ga Afrilu 2024 'yan sanda suka shiga Jami'ar Kolombiya a birnin New York suka kama ɗalibai fiye da 100 da suka kafa tantuna a tsakar makaranta. Abin lura a nan, kowane ɓangare 'yancin magana ya ke kira. Masu gayya su ce an hana baƙonsu magana, masu hayaniya su ce ai hayaniyar ita ce maganarsu.

To, ƙasar Arewa ba ta buƙatar aron labari daga Amurka, domin tana da nata, ya kuwa fi na can tsada.

A zamanin En'e ba a tara jama'a a yi musu lacca sai da takardar izini. Haka dokar ta ke a ƙasar Katsina duka, daga birni har Batsari da Safana. Mai son taro ya kai kukansa ofis, a duba, in an ga dama a ba shi, in ba a ga dama ba a ce ya komo jibi. In ya yi gaban kansa, 'yan doka su watsa taron, wanshekari ya ga kansa gaban alkali. 'Yan jam'iyyar NEPU, wadda aka kafa a Kano ran 8 ga Agusta 1950, su suka fi kowa sanin ɗacin wannan doka, da yawansu sun sha ɗauri ba don kome ba sai don sun hau tebur sun yi magana ba takarda.

Tun kafin wannan ma an gwada wani abu a Bauci. Cikin 1943 aka kafa wani zauren tattaunawa da yardar Turawan mulki, inda malaman makaranta da ma'aikatan En'e su kan zauna su yi muhawara a kan al'amuran ƙasa. Cikinsu akwai Malam Sa'adu Zungur, da Malam Aminu Kano, da Malam Abubakar Tafawa Ɓalewa. Zaure ya yi ta armashi, har ran da Malam Aminu ya tambaya, a gaban manya, ko da wane ma'auni a ke yanka albashin sarki. Ba a daɗe ba aka rufe zauren. Amma rufe zaure bai rufe tambayar ba. Mutanen nan suka fita da ita waje, ba a yi shekara goma ba suka zama shugabannin jam'iyyu.

Da mulkin En'e ya shuɗe, takardar izini ba ta shuɗe tare da shi ba, sai ta sake riga. Bayan tarzomar Maitatsine a Kano cikin Disamba 1980, da waɗanda suka biyo bayanta a Bulunkutu da Kaduna da Jimeta, gwamnatin soja ta Jihar Kaduna ta kafa dokar wa'azi cikin 1984, ta ce mai wa'azi sai ya sami lasin. A lokacin nan Batsari da Safana suna cikin Jihar Kaduna, watau dokar ta hau kansu su ma. Ana nan kuma cikin 1986 gardama ta cika ƙasa a kan shigar Nijeriya Ƙungiyar Ƙasashen Musulmi. Musulmi na murna, Kirista na cewa an yi musu rufa-rufa. Ciyawa dai ta bushe ƙayau, ashana kawai a ke jira.

Aka ƙyasta ta a Kafanchan. Mai karatu ya kamata ya san irin garin kafin ya ji abin da ya faru. Kafanchan garin jirgin ƙasa ne, inda hanyar Fatakwal da ta Kaduna da ta Jos suka haɗu, saboda haka ya tara kowane irin mutum. Nan ne kuma mazaunin Sarkin Jama'a, Bafillace Musulmi, amma yawancin ƙabilun da ke kewaye da garin Kirista ne, sun kuwa daɗe suna ƙorafin ba su son zama ƙarƙashin sarautar da ba tasu ba. Wannan tsohon miki ne, ya girmi makarantar da abin ya tashi cikinta nesa ba kusa ba.

Makarantar ita ce Kwalejin Horon Malamai ta Kafanchan. Tana da ƙungiyar ɗalibai Musulmi, tana da ta ɗalibai Kirista, kowace ta kan yi makonta na wa'azi da izinin hukumar makaranta. Da makon Kirista ya zo cikin Maris 1987, sai suka rataya ƙyalle a ƙofar shiga, an rubuta maraba da zuwa harabar Yesu. Ɗalibai Musulmi suka kai ƙara, suka ce makaranta ta gwamnati ce, ba ta Yesu kaɗai ba, hukuma ta sa aka sauke ƙyallen. A nan kowa ya bi hanya, masu ƙara sun kai inda ya kamata, masu iko sun yanke, an kuwa bi. Da a ce sauran al'amarin ya bi wannan turba, da ba a san sunan kwalejin nan ba bayan Kagoro.

Baƙon da aka gayyato shi ne Rabaran Abubakar Baƙo, sunan ma ya dace da matsayinsa ran nan. Da Musulmi ne, daga baya ya koma addinin Kirista. Ran Jumma'a 6 ga Maris da dare ya tsaya a filin makaranta da lasifika, ya shiga jawo ayoyin Alƙur'ani yana fassara su yadda za su dafa wa da'awarsa. Daga nan masu ba da labari suka rabu biyu, har yau ba su haɗu ba. Musulmi suka ce ya karkatar da ayoyi ya kuma taɓa mutuncin Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi. Kirista suka ce ba abin da ya yi sai ba da labarin yadda ya sake addini. Abin da ba a yi musu a kansa ba shi ne, wata ɗaliba Musulma ta ji maganar, ta taso ta tunkare shi, aka yi kokawa a kan abin magana, ɗalibai suka rabu gida biyu suka kama dukan juna.

Da faɗan ya tsaya cikin shingen makaranta, da an kori 'yan kaɗan an ɗaure wa 'yan kaɗan rauni, shi ke nan. Amma cikin kwana biyu ya tsallaka gari, ya tarar da wancan tsohon miki. Aka kashe mutane, aka ƙone masallatai da gidaje, Musulmin Kafanchan su suka fi jin jiki. Labari ya hau mota ya hau jirgi ya hau rediyo, ko'ina ya sauka ya ƙara kumbura. Daga ran Talata 10 ga wata wuta ta kama a Zariya, da Kaduna, da Funtuwa, da Katsina. Aka ƙone coci-coci fiye da 100, har da wanda ke cikin Jami'ar Ahmadu Bello a Samaru, aka ƙone otal-otal da shaguna da motoci. Gwamna Abubakar Dangiwa Umar ya sa dokar hana fita, soja suka cika titi. Shugaban ƙasa Janar Ibrahim Babangida ya yi jawabi, ya kwatanta abin da yunƙurin juyin mulki, sai dai na farar hula.

A nan akwai abin da ya kamata a tsaya a kansa. Daga Kafanchan zuwa Funtuwa tafiya ce ta wuni, zuwa Katsina ta fi haka. Cikin waɗanda suka ɗauki galan ɗin fetur a garuruwan nan ba wanda ya ji kalma ɗaya daga bakin baƙon nan da kunnensa. Cikin waɗanda aka ƙone musu shago kuma, Ibo mai sayar da kayan keke, ko Bayarabe mai ɗinki, ko Bamaguje manomi da ya gina 'yar cocinsa da jan laka, ba wanda aka yi shawara da shi kafin a gayyato shi. Mai magana yana can, mai saurare yana can, amma mai biyan bashin yana nan. Magana zarar bunu ce, in ji masu iya magana, sai dai a wannan karo rufin ɗakin wani aka zare.

Ba kuma za a wanke masu gayya ba. Wanda ya kira baƙo gidan haya ya san akwai maƙwabci a ɗaki na gaba. In sun tara 'yan'uwansu cikin ɗaki sun rufe ƙofa, abin da suka faɗa nasu ne. Amma lasifika ba ta san shinge ba, ta kan kai magana har kunnen wanda bai zo taro ba, ga shi kuwa littafinsa a ke karantawa. Ita ma ɗalibar, da tambaya ta yi, ko da ta kai ƙara kamar yadda aka yi a kan ƙyalle, da hujja tana hannunta. Al'adar karatu ta ƙasar nan ba ta hana almajiri ya ce wa mai fassara ya yi kuskure ba, malamai sun sha yi wa juna gyara a zauren tafsiri da watan azumi. Abin da al'ada ba ta sani ba shi ne a kai hannu. Hukumar makaranta kuwa, wadda ta riga ta ga hayaƙi tun ran ƙyalle, ita ta fi kowa sakaci.

Gwamnatin jiha ta naɗa kwamitin bincike a ƙarƙashin Hansine Donli, gwamnatin tarayya kuma ta kafa kotu ta musamman a ƙarƙashin Mai Shari'a Karibi-Whyte, aka ɗaure mutane da yawa. Ba ɓangaren da ya gamsu. Musulmi suka ce 'ya'yansu aka kwashe aka bar wanda ya tsokano, Kirista suka ce an kama yara an bar manyan da suka zuga su. Aka kuma dakatar da ƙungiyoyin addini cikin makarantu na wani lokaci, watau maganin da aka yi wa zauren Bauci shi aka sake jiƙawa.

Tun toka ba ta huce ba wasu malaman Jami'ar Ahmadu Bello, Musulmi da Kirista, suka sa hannu a takarda guda suka yi tir da ƙone-ƙonen. Cikinsu akwai Dokta Yusufu Bala Usman, mutumin Musawa, jikan Sarkin Katsina Dikko, masanin tarihi. Ra'ayinsa, wanda ya fitar da littafi a kansa cikin shekarar nan, shi ne masu mulki da masu dukiya su ke wasa da addini don talakawa su shagala da juna su manta da wanda ya cinye musu rabo. Ko an yarda da shi ko ba a yarda ba, ya faɗa a fili da sunansa, a lokacin da yawancin mutane suka ja bakinsu suka yi shiru.

Irin waɗannan malamai kuwa gwamnati ba ta ƙaunarsu. Tun bayan da 'yan sanda suka harbe ɗalibai a Samaru ran 23 ga Mayu 1986, kwamitin Janar Abisoye ya zargi wasu malaman jami'ar da koyar da abin da ba shi aka ɗauke su su koyar ba. Cikin 1988 jami'an tsaro suka kama Dokta Patrick Wilmot, mutumin Jamaika da ya daɗe yana koyarwa a Zariya, wanda ya yi suna wajen sukar mulkin wariyar launin fata na Afirka ta Kudu, suka kai shi Ikko suka sa shi jirgin Landan ba tare da an kai shi gaban alkali ba. Shi ma baƙo ne, bai kuwa ƙone wa kowa ɗaki ba.

Wata shida da 'yan kwanaki bayan tarzomar, ran 23 ga Satumba 1987, aka yanke Jihar Katsina daga Jihar Kaduna, Batsari da Safana suka koma sabuwar jiha, Kafanchan ta zauna cikin tsohuwar. Kwalejin daga baya ta tashi ta koma mazauninta na dindindin a Gidan Waya. Cikin Mayu 1999 garin ya sake kamawa da wuta, a wannan karo ba mai wa'azi ba ɗalibi, a kan naɗin sabon Sarkin Jama'a ne.