Tarihin Mizanin Fetur da Iska a Injin Turbo

Tun shekarar 1905 da Alfred Büchi, injiniyan ƙasar Suwizalan, ya yi rajistar dabarar cusa iska cikin inji da ƙarfin hayaƙi, wato turbo, asirin wannan fanni bai gushe yana ga mizani ba, domin idan iska ta yawaita alhali fetur ya ƙaranta, zafi kan tsananta har fistin ya narke. A 1962 motar Oldsmobile Jetfire ta Amurka ta riƙa fesa ruwa gauraye da metanol domin maganin wannan illa, sa'an nan a 1976 kamfanin Bosch ya fito da na'urar auna oksijin cikin hayaƙi. Ƙa'idar da almajiri ke fara haddacewa ita ce nauyi 14.7 na iska ga ɗaya na fetur, amma idan turbo ya kama aiki, wajibi ne a ƙara mai.