Jirgi Ba Ya Kauce Wa Kowa

'Yar'uwa, ko kina zaune a Katabu, ko Rigacikun, ko Kawo, kin san layin dogon nan da ya ratsa ya nufi Zariya. Ba yau aka shimfiɗa shi ba. A 1911 jirgin ƙasa ya fara isa Kano daga Baro, kuma daga baya Kaduna ta zama mahaɗar jirage. A 1955 aka kafa hukumar jiragen ƙasa ta Najeriya, wadda iyayenmu ke kira reluwe.

Kakanninmu sun san abu guda game da jirgi: ba shi da sitiyari. Direban mota zai iya kaucewa, shi kuwa direban jirgi sai dai ya taka birki, kuma jirgi mai nauyi yana iya cin kusan kilomita guda kafin ya tsaya. Shi ya sa a da, da yake layin ɗaya ne, ba a barin direba ya tashi daga tasha sai an danƙa masa wani ƙarfe na shaida cewa ba wani jirgi a gabansa. Ga mai tuta a bakin hanya, ga mai juya layi, ga mai bin dogo a ƙafa yana duba kusoshi. Ƙananan ma'aikata ne, amma rayukan ɗaruruwan mutane na hannunsu.

Ranar 16 ga Fabrairu, 1970, lokacin Babbar Sallah, jirgi ya kife a Langalanga, cikin jihar Nasarawa ta yanzu. Mutane da yawa suka rasu, har yau tsofaffi ba su manta ba.

To, an yi sabon jirgi na Abuja zuwa Kaduna a 2016, sai wasu suka ɗauka magana ta ƙare. Ina! A watan Agustan 2025 ya sauka daga kan layi a Asham. Allah ya kiyaye ba a rasa rai ba, amma an ji raunuka. Masu bincike suka gano cewa na'urar juya layin ta lalace, da hannu ake juyawa, ma'aikata kuma ba a sake ba su horo ba tun na farko. Kin ga, ba mutum ɗaya ba ne. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga.

A Legas kuwa, ranar 9 ga Maris, 2023, direban wata bas ta ma'aikata ya ƙi tsayawa duk da masu tuta sun tsayar da shi. Jirgi ya kwashe su, mutum shida suka rasu. Gaggawar minti ɗaya ce kawai.

Mu ma da namu kason. Yaranmu ke talla a bakin dogo, a nan ake shanya kaya, a nan ake kasa tumatir. Don an daɗe ba a ga jirgi ba, sai a ce ba ya zuwa. Wallahi ran da zai zo ba ya sallama. Ki koya wa ɗanki ya tsaya, ya duba dama da hagu, kada ya zauna a kan dogo. Idan mai Keke ya nemi tsallakewa bayan an ɗaga tuta, ki buɗe baki ki hana shi, ko ki sauka. Ba rashin kunya ba ne.

Idan kunne ya ji, jiki ya tsira. Allah ya tsare mu da iyalanmu.